Yadda Ubuntu Ke Aiki a Cikin Windows da Wayar Android: Darasi Kan Kiran Kanel da Tafintansa



Makon jiya ina zaune a shagon cajin waya a nan Ajingi, wani ƙanina da ya gama sakandare bana ya miƙo mini wayarsa ransa a ɓace. Ya ƙona data kusan giga biyu wajen sauke wata manhaja da ya ga ana tallata ta a bidiyo, wai za ta mayar da wayarsa Windows sukutum, har ya riƙa buɗe manhajojin kwamfuta. Da ya saka ta, ba abin da ta yi illa canza masa hoton fuskar waya, sai tallace-tallace da ke ta faɗowa. Ya ce da ni: "Yaya, to kai ya aka yi nake ganin Ubuntu a wayarka, kuma a laftof ɗinka ma ga Ubuntu a cikin Windows? Naka na gaske ne, ko shi ma hoto ne?"

Nawa na gaske ne, amma amsar ta fi ƙarfin hirar shagon caji, shi ya sa na mayar da ita darasi. Ni kaina ban yi jami'a ba, da waya da tsohuwar laftof na koyi rubuta manhaja, kuma abin da zan yi bayani a yau ya tsare mini data da lokaci fiye da yadda zan iya lissafawa. Idan ka fahimce shi, kafin ka sauke irin waɗannan manhajoji za ka iya gane wadda za ta yi aiki, da wadda za ta yi nauyi, da wadda ƙarya ce tsagwaronta.

Mene ne kanel?

Kowace waya ko kwamfuta tana da babbar manhaja, wato Android ko Windows ko Ubuntu ko iOS. A can tsakiyar babbar manhajar akwai wani sashe da ake kira kanel. Shi kaɗai ke da ikon taɓa kayan na'urar kai tsaye: ma'adanar fayiloli, memori, kyamara, sifika, da layin intanet. Sauran manhajoji irin su WhatsApp da Chrome ba su da wannan iko. Furosesa da kansa yake hana su, domin yana aiki ne a matakai biyu, matakin manhajoji na yau da kullum da matakin kanel.

Saboda haka idan WhatsApp na son ajiye hoton da aka turo maka, dole ta roƙi kanel ya rubuta mata shi. Idan tana son ƙarin memori, sai ta roƙa. Idan za ta aika saƙo ta intanet, nan ma sai ta roƙa. Wannan roƙon shi ne masana ke ce wa sistem kol, mu kuma a wannan darasi za mu kira shi kiran kanel.

Kanel ɗin da ke cikin wayarka ta Android, Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung, shi ne Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finlan. Shi ne dai kanel ɗin da ke cikin Ubuntu. Windows kuwa nasa daban ne, sunansa NT. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda ake yin kiran

Kowane kira yana da lambarsa. Ka tuna lokacin da duba kuɗin waya a MTN sai ka danna *556#, a Airtel kuma *123#, kafin hukumar NCC ta haɗe su a *310# a shekarar 2023? Buƙatar ɗaya ce, lambar ce ta bambanta daga layi zuwa layi. Haka kiran kanel yake.

A cikin furosesa akwai wasu 'yan ƙananan aljihuna masu saurin gaske da ake kira rijista. Manhaja takan saka lambar kiran a aljihu ɗaya, ta saka bayanan da ke tare da shi a sauran aljihunan, sannan ta bayar da wani umarni na musamman da ke miƙa ragama ga kanel. A furosesan wayoyi na zamani, wato ARM mai bit 64, ana saka lambar a rijistar x8, bayanan a x0 zuwa x5, umarnin kuma sunansa svc. A furosesan kwamfuta na Intel da AMD ana saka lambar a rax, umarnin kuma sunansa syscall. Kanel sai ya duba lambar a cikin jadawalinsa, ya yi aikin, ya mayar da amsa.

Linux yana da irin waɗannan kira sama da 300. Ga lambar kiran write, wanda ake rubutu da shi, a wurare uku:

- Linux a kwamfuta mai bit 64: lamba 1
- Linux a waya mai ARM bit 64: lamba 64
- FreeBSD, wata babbar manhaja 'yar'uwar Linux: lamba 4

Wani abin mamaki, a FreeBSD lamba 1 ita ce exit, wato "na gama, kashe ni". Ke nan idan ka ɗauki manhajar Linux ka jefa ta cikin FreeBSD haka nan, duk sanda ta ce a rubuta mata wani abu, kanel zai ji ta ce a kashe ta, kuma zai kashe ta.

To mene ne mafita?

Daga nan za ka gane wani abu mai muhimmanci. Manhaja ba ta ganin kanel da idonta. Lamba kawai take turawa, ta jira amsa. Matuƙar amsar ta zo daidai da yadda ta saba, ba ruwanta da wanda ya bayar. Saboda haka idan aka samu wani ya zauna a tsakani, ya karɓi kiran Linux, ya juya shi zuwa abin da kanel ɗin gida ke ganewa, sannan ya juyo amsar zuwa yadda Linux ke bayarwa, manhajar za ta ci gaba da aikinta tana zaton a gida take. Wannan na tsakanin shi za mu kira tafinta. Ana iya dasa shi a cikin kanel ɗin kansa, ana kuma iya ajiye shi a waje tare da sauran manhajoji.

FreeBSD ne misali mafi sauƙin fahimta na tafintan cikin kanel. Wataƙila ba ka taɓa jin sunansa ba, amma a kansa aka gina babbar manhajar PlayStation 4, da shi Netflix ke tura finafinai, kuma a kansa sabobin WhatsApp suka fara aiki. Tun tsakiyar shekarun 1990 yake da tafintan Linux, wanda ake wa laƙabi da Linuxulator. Ga yadda yake aiki. Idan za a tayar da wata manhaja, kanel yakan leƙa kan fayil ɗin ya ga alamar wace babbar manhaja aka yi shi dominta. Idan ya ga na Linux ne, sai ya ɗaura wa wannan manhaja jadawalin lambobin Linux maimakon nasa. Daga nan duk sanda ta ce lamba 1, a jadawalin Linux za a duba. Haka kuma idan ta nemi wani fayil, za a fara duba mata a wata folda mai suna /compat/linux, inda aka ajiye kayan Linux, kafin a duba ainihin wurin.

Babu kwaikwayon furosesa a nan ko kaɗan. Lissafin da manhajar ke yi yana tafiya ne a kan furosesa kai tsaye da cikakken gudunsa, sai a bakin ƙofar kanel kawai tafinta ke shigowa. Shi ya sa wannan hanya take da sauri kuma ba ta cin memori.

Sauya lamba shi ne mai sauƙin

Da a ce sauya lambobi ne kawai aikin, da yaro ɗaya zai gama shi a mako guda. Wahalar tana cikin ma'ana.

Duk wanda ya taɓa ciniki da mutumin Maraɗi ya san idan ya ce "dala ashirin", sefa ɗari yake nufi, domin dala ɗaya sefa biyar ce. Tafintan da ya juya kalmomin ya manta da lissafin, to ya jawo rigima a kasuwa. Tafintan kanel ma yana da irin waɗannan tarkuna.

Na farko, lambobin kuskure. Idan kanel bai iya yin abin da aka nema ba, yakan mayar da lambar da ke bayyana dalili. A Linux lamba 11 na nufin "ba a shirya ba, sake gwadawa an jima", lamba 35 kuma na nufin manhajoji sun sarƙe suna jiran juna. A FreeBSD a juye suke: 35 ce sake gwadawa, 11 ce sarƙewa. Ko hanyar sanar da kuskuren ta bambanta. Linux yana mayar da lambar da alamar ragi a gabanta, FreeBSD kuma yana ɗaga wata tuta ce a cikin furosesa.

Na biyu, tutocin da ke rakiyar kira. Idan manhaja za ta buɗe fayil tana son a ƙirƙire shi in babu shi, a Linux takan haɗa da lamba 64, a FreeBSD kuwa 512. Na uku, sigina, wato ɗan saƙon gaggawa da ake aika wa manhaja tana cikin aiki. Siginar da ake kira SIGUSR1 lambarta 10 a Linux, 30 a FreeBSD. Na huɗu, jerin bayanai. Idan manhaja ta tambayi girman fayil da ranar da aka taɓa shi, amsar takan zo a jere cikin memori, kowane bayani da gurbinsa. Tafinta sai ya kwashe ya sake jerawa daidai da tsarin Linux, in ya goce da gurbi ɗaya manhajar za ta karanta shirme.

Duk wannan tsakanin 'yan gida ɗaya ne, domin Linux da FreeBSD duka tsarin Unix suke bi. To ina ga Windows da ba su haɗa kaka ba?

Labarin WSL 1

A 2015 kamfanin Microsoft ya sanar da wani shiri mai suna Project Astoria, da nufin wayoyin Windows su riƙa buɗe manhajojin Android. Tunda Android a kan Linux yake zaune, sai da suka rubuta tafintan kiran Linux a cikin kanel ɗin NT. An soke shirin a watan Fabrairun 2016, amma aikin bai tafi a banza ba. A watan Maris na 2016 suka sanar da WSL, ya kuma fito a cikin Windows 10 a watan Agustan shekarar.

Tafintan yana zaune ne a cikin fayiloli biyu, lxss.sys da lxcore.sys. Manhajar Ubuntu ta asali, ba a canza mata ko harafi ɗaya ba, ana tayar da ita a matsayin wani irin aiki na musamman da suka kira pico. Idan ta yi kira, kanel ɗin NT sai ya ga ai wannan baƙuwa ce, ya miƙa wa lxcore.sys. Babu ko layi ɗaya na kanel ɗin Linux a ciki, injiniyoyin Microsoft ne suka sake rubuta halayensa da kansu. Wasu kiran suna da takwara a NT, sai a miƙa kai tsaye. Wasu kuwa sai an yi musu gini daga tushe. Ga uku daga cikin masu wuyar.

Akwai kiran fork. A Linux idan manhaja za ta tayar da wata, takan raba kanta biyu ne, uwa da 'ya, kowacce da kwafin memori iri ɗaya, sannan 'yar ta rikiɗe ta zama sabuwar manhajar. Linux ya ƙware a wannan, yana yin sa cikin ƙiftawar ido. Manhajojin Windows ba haka suke haihuwa ba, ana gina sabon aiki ne daga farko, saboda haka tafinta sai ya yi ɗawainiya mai yawa kafin ya kwaikwayi fork.

Akwai sunayen fayiloli. A Linux, Ajingi.txt da ajingi.txt fayiloli biyu ne mabambanta, a Windows kuwa bisa al'ada ɗaya ne. Linux yana barin ka goge fayil ko da wata manhaja na riƙe da shi a buɗe, ya ci gaba da yi mata aiki har ta sake shi. Windows ya saba cewa a'a, ana amfani da shi. Manhajojin Linux da yawa sun dogara da wannan hali ba tare da sun faɗa ba.

Akwai izinin fayiloli, wato wa ke da ikon karantawa, wa ke da ikon rubutawa. Tsarin Linux da na Windows ba su yi kama ba, sai aka riƙa ɓoye bayanan izinin Linux a wani gefen kowane fayil.

Sannan ga babbar matsalar: Linux ba ya tsayawa. A watan Afrilun 2020 da Ubuntu 20.04 ya fito, ya zo da sabon glibc 2.31, wato laburaren da kusan duk manhajojin Ubuntu ke bi ta cikinsa su yi kiran kanel. Sabon laburaren ya canza kiran da yake amfani da shi wajen cewa "dakata na ɗan lokaci", ya koma clock_nanosleep da wani nau'in agogo da tafintan WSL 1 bai tanada ba. Sai ga umarnin sleep, wanda aikinsa kawai ya jira 'yan daƙiƙu, yana faɗuwa da kuskure, tare da manhajojin da suka dogara da shi, har sai da Microsoft ya fitar da gyara. Kira ɗaya tak, da zaɓi ɗaya a cikinsa, ya isa ya tsayar da aiki.

Wasu abubuwan kuma tafintan bai taɓa cika su ba, kamar dabarun killace manhajoji da Docker ke buƙata. A ƙarshe Microsoft ya canza hanya. A watan Mayun 2019 ya sanar da WSL 2, wanda ya iso ga jama'a a 2020. Shi babu tafinta a cikinsa. Kanel ɗin Linux na ainihi ne aka saka a cikin wata 'yar ƙaramar kwamfuta ta cikin kwamfuta. Maimakon a ci gaba da koyon harshen baƙo, sai aka gina masa ɗakinsa a cikin gida, aka kawo masa ɗan garinsu.

Wine da Winlator

Akasin wannan tafiya, wato manhajojin Windows a kan Linux, aikin Wine ne, wanda aka fara a 1993, bai kai fitowa ta 1.0 ba sai a 2008. Shi ba a cikin kanel yake zaune ba, kuma akwai dalili. Linux ya yi alƙawarin lambobin kiransa ba sa canzawa, Windows kuwa yana canza nasa daga fitowa zuwa fitowa. Don haka manhajojin Windows ba sa kiran kanel kai tsaye, sukan bi ta wasu laburare ne kamar kernel32.dll da ntdll.dll. Wine sai ya rubuta nasa laburaren masu waɗannan sunaye, waɗanda ke juya buƙatun zuwa kiran Linux. Da shi kamfanin Valve ya gina Proton a 2018, wanda ke tafiyar da gem ɗin Windows a na'urar Steam Deck.

Duk da haka sai da kanel ya shigo. Wasu gem na zamani, don hana satar fasaha, sukan tsallake laburaren su yi kiran NT kai tsaye, sai kanel ɗin Linux ya karɓi lambar da ba tasa ba. Shi ya sa a Linux 5.11 da ya fito a Fabrairun 2021 aka ƙara wata dabara da ke tare irin wannan kira ta mayar wa Wine ya amsa.

Yanzu ga abin da ya shafi wayarka. Manhajar Windows an rubuta ta ne da harshen furosesan Intel da AMD, wayarka kuma ARM ce. Ke nan tafinta biyu ake buƙata: ɗaya na juya umarnin furosesa ɗaya bayan ɗaya, ɗaya na juya kiran Windows. Winlator haka take, ta haɗa Box64 na furosesa da Wine na kira. Tana aiki da gaske, amma juya umarnin furosesa aiki ne mai nauyi, yana zafafa waya yana shan batir. Ta fi tafiya da kyau a wayoyi masu Snapdragon, alhali yawancin wayoyin da ke hannunmu MediaTek ko Unisoc ne. Idan wayarka mai RAM giga 2 ko 3 ce, kada ka sa rai da manyan gem.

To Ubuntu a waya fa?

Wannan shi ne mafi sauƙi, domin kanel ɗin wayarka dama Linux ne, kuma akwai Ubuntu da aka gina don ARM. Lambobin kira iri ɗaya ne, furosesa iri ɗaya. Abu biyu ne suka rage. Manhajojin Ubuntu suna neman kayansu a wurare irin su /etc da /usr da /lib, Android kuma bai jera gidansa haka ba, bai kuma yarda ka rubuta a can ba. Sannan wasunsu suna son su ga kai ne rut, wato mai cikakken iko.

Mai warware wannan shi ne PRoot, wanda ake sakawa a cikin Termux. Yana amfani da wani kira mai suna ptrace, wanda ke ba manhaja damar tsayar da wata a bakin ƙofar kanel ta leƙa abin da take nema. Idan manhajar Ubuntu ta ce a buɗe mata /etc/passwd, PRoot sai ya tsayar da ita, ya canza adireshin zuwa wata folda da ke ƙarƙashin /data/data/com.termux, ya saki kiran ya wuce. Idan ta tambayi "wane ne ni?", sai ya canza amsar zuwa 0, lambar rut. Rut ɗin na baka ne kawai, kanel ya san kai ba kowa ba ne, don haka abin da ke buƙatar iko na gaske kamar Docker ba zai tashi ba.

Wannan tsayarwa tana da tsada. Duk kiran da aka tare sai an dakatar da manhajar, a tashi PRoot, a koma kanta. Shi ya sa za ka ga lissafi da Python yana gudu lafiya, amma saka sababbin manhajoji, wanda ke taɓa dubban ƙananan fayiloli, yana jan ƙafa.

Gwada da hannunka

Sauke Termux daga F-Droid, sannan ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

pkg install strace
strace echo sannu

Rubutu zai zubo da yawa. Kowane layi kira ɗaya ne da wannan ɗan umarni ya yi wa kanel. Can wajen ƙarshe nemi wannan:

write(1, "sannu\n", 6) = 6

Ma'anarsa: rubuta a fuskar taminal, wadda lambarta 1, waɗannan haruffa guda 6, wato biyar na sannu da alamar sabon layi. Kanel ya amsa da 6, ya rubuta duka. Ka ga kiran kanel da idonka ke nan. Idan ka rubuta strace -c ls zai ƙirga maka sau nawa aka yi kowane kira.

Sai ka rubuta uname -r ka ga lambar kanel ɗin wayarka, ka rubuta ta a takarda. Sannan:

pkg install proot-distro
proot-distro install ubuntu
proot-distro login ubuntu

Wannan zai ɗan ci data, ka yi shi da daren da kake da garaɓasa. Da ka shiga, sake rubuta uname -r. Za ka ga wata lamba daban mai ɗauke da sunan PRoot-Distro. Kanel bai canza ba, tafinta ne ya canza amsar. Haka ma a WSL 1 wannan umarni yakan nuna 4.4.0 da sunan Microsoft, alhali babu Linux 4.4 a wurin.

Idan wayarka Android 12 ce ko sama da haka, kana cikin aiki Termux ya mutu da saƙon signal 9, ba wayarka ce ta lalace ba. Android ne ke kashe ayyukan bayan fage idan suka yi yawa, iyakar da ya saka 32 ce a duk wayar. Rufe abin da ba ka buƙata ka sake shiga.

Wanne za ka zaɓa?

Idan waya kaɗai gare ka kuma kana son koyon Python ko Git ko C, Termux shi kaɗai ya ishe ka, domin manhajojinsa an gina su ne don Android, ba sa bi ta tafinta. Sai ka ci karo da abin da babu shi a Termux sannan ka shiga PRoot.

Idan kana da tsohuwar laftof irin tawa, 'yar gwanjo mai RAM giga 4, kada ka raina WSL 1. WSL 2 yana buƙatar a kunna damar kwamfutar cikin kwamfuta a BIOS, kuma yana ware wa kansa memori. WSL 1 ba ya buƙatar wannan, kuma ya fi sauri wajen taɓa fayilolin da ke ɓangaren Windows. Bayan ka kunna WSL a jerin ƙarin kayan Windows ka saka Ubuntu, rubuta wsl -l -v ka ga wanne kake kai, sannan wsl --set-version Ubuntu 1 zai mayar da kai na ɗaya. Ni da shi na yi shekarata ta farko ina koyon rubuta shafukan intanet. Ranar da aikinka ya kai ga Docker, ko wata sabuwar manhaja ta ce maka kiran da take nema babu shi, to lokacin komawa WSL 2 ya yi.

Duk manhajar da aka tallata maka cewa za ta buɗe kayan wata babbar manhaja a wayarka, yi mata tambaya uku kafin ka taɓa datarka. Furosesan da aka yi kayan dominsa iri ɗaya ne da na wayarka? In ba ɗaya ba ne, wa ke juya umarnin? Sannan wa ke amsa kiran kanel, Wine ne, ko PRoot, ko kanel na gaske a kwamfutar cikin kwamfuta? Masu aikin gaskiya sukan faɗi sunayen waɗannan a fili a shafinsu. Wadda ba ta ambaci ko ɗaya ba, ga ta kuma tana neman izinin shiga lambobin wayarka da saƙonninka, goge ta.

Ƙanin nan nawa yanzu ya goge tasa, ya saka Termux, jiya ma ya turo mini hoton layin write ɗinsa na farko. A darasi na gaba, in Allah ya kai mu, za mu rubuta 'yar ƙaramar manhaja da C a cikin Termux wadda za ta yi kira mai lamba 64 da kanta, mu ga ta rubuta sunanka a fuskar waya. Kafin nan ka tabbata ka yi gwajin strace, domin a kansa za mu ɗora.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mun haɗu.